Talata, ranar duba fayilolin masu ciwon suga

Yau aikin tantance ingancin kulawar asibiti ya faɗo kan sashen masu suga. Ba fayilolin da ma'aikata suka miƙo muka ɗauka ba, don kowa gyararre zai miƙo. Rajista muka buɗe, muna tsallake suna huɗu mu ɗauki na biyar, ko mai sunan ya zo yau ko bai zo ba. Ma'aunin shi ne wanda Avedis Donabedian, likita masanin auna ingancin kiwon lafiya, ya shimfiɗa tun 1966: me asibiti ke da shi, me aka yi wa mara lafiya, yaya ya ƙare.

Kayan aiki ba su ci lokaci ba. Firijin insulin na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, to akwai takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma? In wuta ta ɗauke, ina ake kai shi? Tsinken gwajin suga kuwa, in aka bar kwalbarsa a buɗe cikin zafi, lambar da zai bayar ba abin dogaro ba ce. Awon hawan jini ma haka: ƙaramin maɗauri a damtsen mai jiki yana ɗaga lamba, sai a ƙara wa mutum maganin da bai buƙata.

A fayil aka daɗe. Abin nema shi ne gwajin HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, duk wata uku ga wanda sugansa bai daidaita ba, duk wata shida ga wanda ya daidaita, ana son ya sauka ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya. Sannan sau ɗaya a shekara: duban bayan ido, gwajin fitsari da na jini don ƙoda, da duban ƙafa da siririn zaren roba da ke danna fata da ƙarfin giram 10, don a ga ko ƙafar na ji. A ƙafa aka fi samun giɓi, kuma ba don tsada ba. Cire takalmi da safa ne ke cin minti biyu alhali layi ya kai baranda. Abin da ba a rubuta ba, a wurinmu ba a yi shi ba. Gwajin ƙoda kuma ba ado ba ne, domin in lambar da ke nuna ƙarfin tacewarta ta faɗi ƙasa da 30 dole a dakatar da ƙwayar maganin suga ta metformin. Wani abin da ake mantawa: HbA1c na iya yaudara ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, kuma muna da su da yawa.

Inda na fi jan hankalin shugabar sashen shi ne lissafin nasara. Manufar da ƙasashe suka amince da ita a taron Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na 2022 ita ce kafin 2030 kashi 80 na waɗanda aka gano suna da ciwon suga su kasance sugansu ya daidaita. To cikin su wa ake ƙirga? In masu zuwa kaɗai aka lissafa, sakamako zai yi kyau, saboda wanda kuɗin mota ko na magani ya gagara ya daina zuwa, sai dai a gan shi a ɗakin gaggawa da gyambon ƙafa.

Mun tsayar cewa gobe nas biyu za su fitar da sunan duk wanda ya wuce wata shida bai dawo ba, a fara kiransu a waya, masu allurar insulin tukuna.