Ranar da baƙin akwatin ya ƙi tashi

Talata, bayan sallar isha'i.

Ina zaune a kan bencin shago, janareta na ta rugugi a bayan ɗaki, hannuna har yanzu warin dalma yake yi. Tun safe gurasa ɗaya da kunun aya ne kawai suka shiga cikina.

Daren jiya aka ɗauke wuta, ba wani sabon abu ba. Da na buɗe shago wajen ƙarfe takwas an riga an dawo da ita. Kwamfutoci biyu suka tashi, firinta ta yi ɗan kukanta, amma baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur ko tari bai yi ba. Na durƙusa na danna maɓalli. Shuɗiyar fitila ta ƙifta, fanka ta motsa kamar za ta juya, sai na ji "ƙit", komai ya tsaya. Na sake, haka. Na canza soket, na canza waya, na yi bisimilla na ƙara dannawa. Sau bakwai na ƙirga kafin na zauna a ƙasa daɓas.

Akwatin nan shi ne rumbun shagon. Masu harkar suna ce masa NAS: 'yar ƙaramar kwamfuta ce marar fuska, aikinta kawai ta riƙe faifan ajiya, ta miƙa wa duk kwamfutar da ke kan layin shagon abin da ta nema. Ɗan kwatano na saye shi a 2014, a lokacin ma ya riga ya sha jiki. Faifai huɗu ne a cikinsa, kowanne tera 2, an haɗa su a tsarin RAID 5, wato tera 6 ke amfanuwa, sauran kuma na kariya ne idan faifai ɗaya ya mutu. Duk ɗaurin aure, kamu, suna, saukar Alƙur'ani da hawan salla da na ɗauka a shekara goma suna ciki. Kuma a nan kaɗai suke. Na daɗe ina yi wa kaina daɗin baki cewa ai faifai huɗu ne, ko ɗaya ya tafi ba komai. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa dukkansu daga nono ɗaya suke shan wuta ba.

Gaskiya ya yi mini gargaɗi. Tun lokacin hunturu, idan aka ɗauke wuta ya huce, sai an danna sau biyu ko uku yake tashi. Batirin UPS ɗin kuma, wato na'urar da ke riƙe masa wuta idan an ɗauke, tun azumin bara ya mutu, kullum sai in ce gobe.

Ina cikin wannan zulumi wayata ta yi ƙara. Wata Hajiya ce, na yi musu aikin bikin 'yarta a 2017.

"Ɗana, kana da bidiyon nan har yanzu? Wanda Alhaji ya yi wa amarya addu'a a tsakar gida. Allah Ya yi masa rasuwa watan jiya, yara suna so su gani kafin sadakar arba'in ran Juma'a. Namu faifan ya ƙarce."

Na yi mata ta'aziyya, na ce, "In sha Allahu, Hajiya, yana nan." Ina faɗa ina kallon akwatin.

Na fita in ɗan sha iska. Kafin in dawo yaron shagona, da niyyarsa ta alheri, ya zare faifai ɗaya ya jona shi a babbar kwamfuta.

"Oga, ga shi ya gan shi, amma yana tambaya wai in danna OK."

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, har mai shayin gefe ya leƙo. Windows ba ta karanta rubutun da ke kan faifan, domin akwatin da Linux yake aiki. Idan ta ga irin wannan sai ta ɗauka sabo ne fil, ta nemi izinin shirya shi daga farko. Kuma ko da ta iya karantawa, babu cikakken hoto ko ɗaya a kan faifai guda: kowane fayil an gutsuttsura shi an rarraba a kan huɗun. Na kashe kwamfutar ba tare da an danna komai ba, sannan na ba shi haƙuri. Laifina ne, ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Muka ɗauko maka, muka zare sauran ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta 1, 2, 3, 4 daidai da gurbin kowanne, na naɗe su a tsohon rawani na kulle a durowa. Gangar jikin kawai na runguma na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari.

Rumfar farko, wani matashi ya buɗe, ya zaro akwatin wutar, wanda su suke kira fawa, ya ce ya ƙone, a jefar. Ya shiga ciki ya fito da wani siriri mai kama da shi, na ƙaramar kwamfutar tebur. Bakin jonawar iri ɗaya, fil 20, har ya gwada mini ya shige daidai. Na kusa biya. Abin da ya tsayar da ni shi ne na ce a kunna a gabana, ya ce ba su da wuta, in je gida in gwada.

Daga nan na nufi wurin Baba, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin da mahaifina ke kai wa kayansa tun ina ɗan firamare. Rumfarsa ba ta fi tabarma biyu ba, ga gawarwakin rediyoyi har rufi. Na roƙi matashin ya biyo ni da sabuwar fawar. Baba ya ɗora tabarau a kan hanci, ya jera bakunan biyu gefe da gefe a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce mini, "Ɗana, zo ka duba. Wannan ramin, a naka wace waya ce?"

"Rawaya, Baba."

"A na matashin nan fa?"

"Shuɗiya."

Ya ajiye su. A fawar kwamfuta ta yau da kullum launukan sananne ne: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo 3.3, baƙa ita ce ƙasa, shuɗiya kuma bolt 12 ne amma a juye, mai alamar ragi. Waɗanda suka ƙera akwatina sun bar bakin yadda yake, suka canza abin da ke bi ta wasu ramukan, suka ƙara layin bolt 12 domin faifai huɗu suna da ci. Da na kai wancan gida na jona, da na tura juyayyiyar wuta a layin da ke ciyar da injin faifan. Matashin ya sosa ƙeya ya tafi da kayansa, ba shi da laifi, shi ma bai sani ba.

Baba ya kwance murfin tsohuwar fawar. Ƙurar da ta fito sai da muka yi atishawa mu biyu, ta dunƙule a jikin fanka kamar auduga. Kafin ya taɓa komai ya ɗauko wani ƙwan fitila mai waya biyu ya ɗora a ƙafafun babbar kafasita, wato 'yar gwangwanin da ke tara wuta, ƙwan ya yi ɗan ja ya mutu. Ya ce wannan ko an zare waya tana iya riƙe sama da bolt 300, ta taɓa jefar da shi daga kan kujera yana saurayi. Ya gwada fiyus, lafiya lau. Sannan ya nuna mini da bakin sukudireba: ƙananan kafasita guda biyar a ɓangaren da wuta ke fita, kawunansu da ya kamata su kasance a shafe sun kumbura kamar fanke, biyu har sun tsage ta kan zanen da ke samansu, wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kai.

Bayaninsa ya zauna mini. A cikin kowace akwai ruwan sinadari, zafi ke busar da shi a hankali. An rubuta 105 a jikinsu, wato zafin da aka auna su a kai, kuma ƙa'idar da masu gyara suka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansu biyu. To ka ɗauki akwatin da ke aiki dare da rana a ƙarƙashin tebur, a Kano, a watan Afrilu da ake kai digiri 40 a inuwa, fankarsa kuma ta toshe da ƙurar hunturu goma. Tsohuwar kafasita idan da ɗuminta tana lallaɓawa, idan ta huce sai ta gaza. Lokacin tashi kuma shi ne mafi nauyi, domin kowane faifai kan ja kusan amfiya 2 kafin ya kama juyawa. Shi ya sa bai taɓa mutuwa yana cikin aiki ba, sai bayan an ɗauke wuta.

Neman sababbi ya fi gyaran cin lokaci. Rumfa uku na zaga da tsofaffin a leda. Baba ya ce lambar ƙarfin ta zama daidai, bolt ɗin daidai ko sama, kuma kada in karɓi mai 85. Na farko da na kawo ya jinjina su a hannu ya ce sun yi sakayau, in mayar. Na biyun ya karɓa. Kuɗin biyar ɗin gaba ɗaya bai kai na farantin shinkafa da nama ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ya narke dalma, ya cire, ya dasa, yana duba farin layin da ke gefen kowace domin kada ƙafa ta juya. Ya ɗiga wa fanka mai. Da ya gama sai ya lanƙwasa 'yar waya, ya haɗa koriyar waya da baƙa, fawar ta tashi ita kaɗai ba tare da akwatin ba. Mita ta nuna 12.1 a rawaya, 5.0 a ja, kuma lambar ba ta rawa. Ya jona wani tsohon faifai nasa don ya ga yadda za ta yi da kaya a kai, ta riƙe.

Da na miƙa masa kuɗi ya ƙirga ya mayar mini da rabi. "Wannan ɗinki ne a tsohuwar riga, ɗana. Za ta kai ka gida, ban ce za ta kai ka salla ba. Ka kwashe kayanka."

Na biya ta Farm Centre na sayi faifan waje mai tera 5 da batirin UPS. Kuɗin da na ware na gyaran babur ke nan ya tafi, uwargida ba ta sani ba tukuna.

Bayan la'asar muka mayar da faifan, kowanne a gurbinsa, yaron na karanto lamba ina turawa. Na danna sau ɗaya. Fanka ta juya, na ji faifan suna ɗaukar numfashi, sai fitilu huɗu suka yi ta ƙiftawa ba su tsaya ba. Saboda ya mutu babu sallama, sai da ya bi ya duba rubutunsa tukuna. Minti 50 muka yi a tsugune ba mai magana. Na je na yi magariba na dawo, na tarar huɗun sun tsaya kore.

Jakar 2017 na fara buɗewa. Ga Alhaji a tsakar gida da farar babbar riga, ya ɗora hannu a kan amarya, muryarsa tar. Na kwafe a filashi biyu, na kira Hajiya na ce gobe da safe yaro zai kawo. Ta yi ta sa albarka har na rasa abin cewa.

Yanzu sauran ake kwashewa. Kayan sun kai tera 4, tsohon kuma ba ya wuce mega 30 a daƙiƙa, na buga lissafi ya ba ni awa 37. An sake ɗauke wuta tun ƙarfe tara. Na aiki yaron ya ƙaro lita biyar ta fetur, na ɗago akwatin daga ƙarƙashin tebur na ɗora shi a kan kujera, na juyo masa fankar tsaye. A nan zan kwana. Yana kan jakar 2015, bikin wasu da ban ma tuna fuskarsu ba.