Agogon da nake fara ɗaura wa babur

Shagona yana unguwar Yelwa a nan Garwa, rumfar kwano ce da benci biyu da akwatin kaya. Ba na buɗe inji, ba na facin taya, wannan na maƙwabtana ne. Ni da yarana biyu harkar wuta muka tsaya a kai: agogon batir mai nuna ƙarfin wutarsa, wurin cajin waya, ƙarin fitilu, jiniyar ɓarayi, da na'urar nan mai layin waya da ke nuna inda babur yake idan an sace shi. Yawancin masu zuwa 'yan kilando ne, waɗanda a Najeriya ake ce wa 'yan acaɓa, sai 'yan tireda masu cin kasuwar Pitowa ran Lahadi ko masu bin hanyar Gashiga.

Kusan kowa abin da ido zai gani ne ke kawo shi. Saurayi zai turo sabuwar Boxer ko TVS ko Haojue, ko ledar sirdi bai ɓare ba, ya ce, "Maigida, fitila huɗu nake so a gaba, shuɗiya a ƙarƙashi, da hon irin na tirela." Sai in ce masa, "Samu wuri ka zauna tukuna, ƙanena." Babur ɗin nan rumbunsa ƙarami ne. Batirinsa volt 12 ne, galibi ɗan amfiya 5 ko 7, kwayil ɗin da ke samar da wuta a cikin inji kuma an auna shi ne daidai cikin fitilar gaba da ta baya da sigina da hon, sai 'yar rarar da za ta koma batir. Fitila biyu masu wat 20 kowace sun riga sun haura amfiya 3. Kana gudu a titi, ƙila kwayil ya jure. Amma ɗan kilando rabin darensa a tsaye yake bakin hanya yana jiran fasinja, inji na sulo, fitilu a kunne, to a nan daga batir suke ci. Kafin wata ya zagayo sitata ta daina amsawa, ya koma bugun kik yana zagin wanda ya sayar masa da batir.

Shi ya sa ba na ƙara wa babur komai sai na fara sa masa agogon batir. Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai akwatin ashana ba, kuma shi ne mafi araha a cikin kayana, amma shi ke faɗin gaskiya. Da asuba kafin ka tayar, lafiyayyen batir zai nuna 12.6 ko kusa da haka. Ka ga ya sauko wajen 12, yana jin yunwa. Idan ka tayar ka ɗan murɗa mai, lamba ta kamata ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. Ta ƙi hawa, caji ba ya zuwa, ko dai kwayil, ko regilata mai daidaita wutar caji, ko wata waya ta saki. Ta zarce 15 kuwa, regilata ta mutu, za ta dafa maka batir ta ƙone ƙwayayen fitila ɗaya bayan ɗaya. Nakan sa mutum ya kunna sababbin fitilunsa a gabana yana kallon lambar tana gangarawa. Daga nan da bakinsa yake cewa a rage biyu.

Akwai wani abu da masu sayen fitilar LED a kasuwa ba sa sani. Da yawa daga ƙananan baburan nan fitilar gabansu ba ta bi ta batir ba, kai tsaye take sha daga kwayil. Gwajin mai sauƙi ne: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kunna fitila. In ba ta kawo ba, kuma in ka tayar haskenta na ƙaruwa da mai, to irin wannan ce. Ka sa mata ƙwan da ba a yi shi don irin wannan wuta ba, sai ya yi ta ƙifta ido har ya mutu. Dole a canza mata hanya, a jawo daga batir ta bayan makulli.

Maganar makulli da fis kuwa, ɗan abin nan da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa, da kaina na koye ta, ba a bakin wani ba. Ina sabon buɗe shago wani dattijo mai dakon zuwa-zuwa, man nan da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarka, ya kawo babur in sa masa cajar waya. Na ja waya daga kan batir kai tsaye, ban sa fis ba, na bi da ita ƙarƙashin tanki. Gargadar hanya ta yi ta goga ta da ƙarfe har ɓawonta ya cinye. Allah ya sa da rana ne, ya ga hayaƙi tsakanin ƙafafunsa, ga jarkoki a ɗaure a baya. Da ya zo bai ɗaga murya ba. Ya miƙo min wayar da ta narke ya ce, "Yaro, kana da iyali?" Na ce eh, Baba. Ya ce, "Ni ma haka." Tun ranar, ko allura zan jona sai ta bi ta fis kusa da batir, fis ɗin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Ba ma murɗe waya mu naɗe da leda. Dalma muke sawa, mu rufe da robar da wuta ke tsuke ta, saboda salatif a zafin Garwa narkewa yake ya saki, damina ta zo ruwa ya ƙarasa sauran.

Zafin nan shi ne babban mai tantance kaya. A Maris da Afrilu rana na wuce digiri 40, babur kuma a fili yake wuni. Agogon gudu mai gilashi irin na waya, in mai araha ne, fuskarsa baƙi take yi. Kayan duk daga Sin suke, wasu ta Duwala, wasu ta Mubi da Yola, kwalinsu iri ɗaya, sai an yi bazara guda ake gane na kirki. Shi agogon gudu mai maganaɗisu ma yana da nasa sharaɗi: sai an gaya masa zagayen taya. Muna shata alli a ƙasa, mu tura babur taya ta juya sau ɗaya, mu auna da tef. Wanda ya tsallake wannan, agogonsa ƙarya zai riƙa yi masa.

Na'urar bin sawu ita ce ke kawo kuɗi yanzu, ita ce kuma ke kawo rigima. Tana cin wuta kaɗan-kaɗan ko babur a kashe yake, don haka wanda zai ajiye shi mako da makonni ya san da haka. Layin da ke cikinta, na MTN ne ko Orange, sai ana sa masa kuɗi, mutane kuwa mantawa suke sai ranar da babur ya ɓace. Ita kam ni kaɗai nake ɗaura ta, bayan na aiki yarana sayen abinci. Ba zarginsu nake ba, amma a bakin shayi magana ba ta da wuyar zamewa. Wani Alhaji ya matsa sai na nuna masa inda na ɓoye tasa. Na nuna masa. Bayan kwana uku ya dawo ya ce in canza mata wuri, wai ya riga ya nuna wa abokansa.