Murhun ɗumama falo: yadda muke gina shi a Jos

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin Disamba ko Janairu ba, in ka ce masa akwai gidajen da ake hura wuta a falo a Najeriya sai ya ɗauka wasa kake. Garin nan a kan tudu yake, ya haura mita 1,200, in hunturu ya kankama ko alwalar asuba sai an ɗora ruwa a wuta. Turawan haƙar kuza da suka zauna Rayfield da Bukuru sun san haka, shi ya sa tsoffin gidajensu har yau za ka hango bututun hayaƙi ya leƙo ta saman kwano. To aikinmu kenan, muna gyara waɗancan na da, muna kuma gina sabbi a gidajen mutane da masaukin baƙi, wani lokacin har Mambila ake kiranmu wajen Gembu, can ma sanyin ba sauƙi.

Ni a hannun wani dattijon birkila na koya, Allah ya jiƙansa, shi kuma a gidajen kamfanin kuza ya yi ƙuruciyarsa. Baba ba ya barinka ka taɓa bulo sai ka iya kwaɓa laka, kuma in an gama gini ba ya cewa komai, tsohuwar jarida zai murɗe ya kunna ya riƙe a bakin murhun. In hayaƙin ya miƙe ya shige sama to ka ci abincin rana da daɗi, in ya yi ta yawo a baki sai ya ce yaro rushe maƙogwaron nan. Maƙogwaro shi ne inda murhun ke tsukewa kafin ya haɗu da bututu, kuma wallahi a nan aikin yake, sauran duk ado ne.

Mutane suna ɗauka rami ne kawai a bango da bututu a kai. Akwai lissafi. Girman filin ramin bututu ya kamata ya kai kusan kashi ɗaya cikin 10 na girman filin bakin murhu, in ya gaza hayaƙi falo zai dawo, in ya yi yawa kuma zafin naka ne ke tafiya sama. Bututun ya haura inda ya huda rufi da aƙalla ƙafa 3, kuma ya ɗara duk abin da ke kusa da shi cikin ƙafa 10 da ƙafa 2, ko tankin ruwa ne ko ƙoƙuwar rufi, in ba haka ba iskar hunturu ce za ta riƙa danno hayaƙin ƙasa. Cikin murhun da bulo mai jure wuta muke yi, da kwaɓin laka na musamman. A gaba kuma muna shimfiɗa dutse ko tayil a kan kankare aƙalla inci 16, babban murhu inci 20, saboda tartsatsi kar ya faɗa kan kafet. Katakon rufi kuwa ko kusa ba ya taɓa jikin bututu, muna barin inci 2, silin na roba mu yanke shi nesa. A can sama mu sa hula da raga saboda ruwan sama da tsuntsaye.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Mutum ya ga hoto a Facebook, ya ɗauko bulon siminti da filasta ya ɗora, ya manna tayil mai kyau ya karɓi rabin kuɗinmu. Siminti ba ya jure wuta, yana tsagewa, kuma tsagar da ke cikin silin ba mai ganinta. Ta nan hayaƙi ke bi, ta nan wuta ke kama katako. Kwanaki an kira mu wani gida, Hajiya tana cewa duk ranar da aka kunna yara ke tashi da ciwon kai, muka hau muka tarar bututun a cikin rufi ya tsaya, ko waje bai fita ba! Na ce Hajiya ki gode wa Allah. Iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke kashe masu kwana da kaskon gawayi ko janareta a ɗaki rufe. Shi ya sa duk inda muka yi aiki sai mun bar ƙofar shigar iska, kuma muna matsa wa maigida ya sayi ɗan na'urar nan mai ƙara in gubar ta taru.

Amma duk da haka sai Alhaji ya zaunar da kai yana cewa haba Malam, wane ya ce zai yi min a kaza. Ranka ya daɗe ai araha ba ta ado, a fenti za a iya ragi, a bututu ban san inda zan rage ba.

Itace ma sai an kula. Ɗanye shi ne babban abokin gaba, yana tara baƙin danƙo a cikin bututu wanda wata rana shi da kansa zai kama da wuta. A faskara a ajiye a inuwa wata 6 ko fiye. Marke da ƙirya sun fi riƙe garwashi, itacen turare da ya cika Filato yana ci da kyau in ya bushe amma yana tartsatsi, a sa raga a gaba. Ban da fetur, ban da leda, ban da katako mai fenti. Sannan sau ɗaya a shekara a share bututu kafin sanyi, wannan ma muna yi.

Sabon gini yana son ya bushe a hankali, a fara da ƙananan wuta na wasu kwanaki kafin a cika masa itace. Don haka mai so ya neme mu da damina ta ɗauke, wajen Oktoba, kar a bari sai Disamba kowa ya taso lokaci ɗaya.