Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Daga Ɗakin Marubuta Zuwa Jagorancin Shiri

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da tashar da nake yi wa aiki ta amince da kashin gwaji na shirin da na rubuta, ta kuma ɗora mini nauyin jagorantar zangonsa na farko. Kafin nan aikina bai wuce ɗakin marubuta ba, inda muke tattauna labari, mu karkasa shi a jikin allo fitowa bayan fitowa, sannan a ba kowa kashin da zai rubuta.

Abin da ya fara kuɓuce mini bayan hawa sabuwar kujerar shi ne lokacin rubutu. A fim, darakta ne mai maganar ƙarshe, amma a shiri mai dogon zango daraktoci kan canza daga kashi zuwa kashi, don haka jagoran shiri ne ke riƙe da zaren labarin, kuma shi ake tambaya komai, tun daga zaɓen jarumai har zuwa kiɗan da za a sa a ƙarshen fitowa. A mako guda nakan duba rubutun wani kashi, in leƙa wurin ɗaukar wani, in kuma zauna da edita a kan na uku.

Ma'aunin da muke bi shi ne shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a talabijin, kuma shirin da ake cewa na awa ɗaya bai fi minti 42 zuwa 44 ba idan aka cire talla. Sai dai shafi da shafi ba ɗaya suke ba wajen kuɗi. Marubuci yakan rubuta a layi guda cewa taron jama'a ya watse cikin dare ana sheƙa ruwan sama, ya wuce abinsa. Ni ne zan zauna da furodusa mu lissafa fitilu, injin ruwa, da mutanen da za a biya, sannan in koma wurin marubucin in ce ya mayar da fitowar cikin ɗaki tsakanin mutum biyu. Sau da yawa, a ganina, fitowar takan fi ta farko ƙarfi, ko da yake ba kowane marubuci ke yarda da hakan ba.

Sana'ar kanta ta sauya a gaban idonmu. A da manyan tashoshin Amurka kan yi kashi 22 a zango, amma tun da Netflix, kamfanin da ke nuna finafinai ta intanet, ya saki kashi 13 na shirin House of Cards a rana ɗaya a shekarar 2013, zango ya yi ta raguwa zuwa kashi takwas ko goma. Marubutan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 100 daga 2007 zuwa 2008 a kan kasonsu daga kuɗin da ake samu idan an nuna shirye-shiryensu ta intanet, suka sake yin na kwana 148 a 2023, inda suka nemi a ƙayyade mafi ƙarancin adadin marubuta a ɗaki, a kuma taka wa ƙirƙirarriyar basira birki. Na goyi bayan buƙatar ƙayyade adadin marubutan, domin gajeren zango kan sa a sallami marubuta kafin a fara ɗauka, kuma wanda bai taɓa ganin yadda jarumi ke fama da layin da ya rubuta ba, da wuya ya iya jagorantar shiri wata rana. Shi ya sa na kafa wa tashar sharaɗin cewa duk wanda ya rubuta kashi zai kasance a wurin ɗaukarsa.

Ba su karɓi sharaɗin cikin sauƙi ba, kuma yadda muka kwashe da su a kansa shi ne abin da zan kawo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.