Ranar da na ce wa abokina shi ba shqiptar ba ne

A Istanbul na fara jin harshen Albaniya, a bakin wani ɗan Prizren ta ƙasar Kosobo da muke ɗaki ɗaya lokacin karatu. Kullum da daddare sai ya kira mahaifiyarsa, ni kuma kunnena na ta tsintar kalmomi, har ran nan na ce ya koya mini yadda zan faɗi inda na fito.

"Nga je?" shi ne "daga ina kake?", in kuma babba ne ka ce "Nga jeni?" Amsata ita ce "Jam nigerian." Mace sai ta ƙara e a ƙarshe, nigeriane. Haka turk da turke, gjerman da gjermane, francez da franceze. Bai ba ni wuya ba, tunda mu ma muna da Balarabe da Balarabiya. Sunan harshe ma kamar namu ne: inda muke cewa Turanci da Turkanci, su sai su ce anglisht da turqisht. Nasu harshen kuwa shqip ne, ƙasar Albaniya Shqipëria, mutumin shqiptar. Wannan q ɗin ya wahalar da ni, sai da na riƙa tuna farkon kalmar "kyau" kafin na kusa kama shi.

Kuskurena ya zo ne wata rana muna shan shayi da wata ɗaliba 'yar Tirana, babban birnin Albaniya. Don in nuna na iya, na ce ita shqiptare ce, shi kuwa kosovar ne, ba shqiptar ba. Ya ajiye kofinsa, ya yi shiru. Da muka koma ɗaki ya ce mini suna da kalmomi biyu: shtetësia, wato ƙasar da ta ba ka fasfo, da kombësia, al'ummar da ka fito daga cikinta. Kosobo ta ayyana 'yancinta ne a 2008, amma kakansa shqiptar ne tun kafin nan, haka ma 'yan'uwansu na Masedoniya ta Arewa.

Abin ya taɓa ni, domin ƙanwar mahaifiyata a Maraɗi take, ba wanda ya taɓa ce mata ita ba Bahaushiya ba ce. Na ba shi haƙuri. A daren nan ya miƙo mini waya, na gaida mahaifiyarsa da "Mirëmbrëma", ta tambaye ni "Nga je?", na ce "Jam nga Kano."