Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jitar da Hunturu Ya Fasa

Makon jiya mun tsaya a inda direban nan Ba'abzine ya ajiye jitarsa a rumfar maigidana da ke Sabon Gari, ya ce in ta gyaru a gyara, in ba ta gyaru ba a hura wuta da ita, ya hau motarsa ya nufi Agadas. Maigidana kafintan ƙofa da gado ne, bai ƙara ko kallonta ba. Da la'asar ta yi sanyi ya ce mini, "Ɗauke ta ka kai gida, yaro, kada masu sayen gado su zaci roƙo na koma."

Shigar da ita gidan ma aiki ne. A Birni muke, ba nisa da fadar Sarki, kuma zauren Baba ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu. Wanda ya tashi a Damagaram ya san matsayin makaɗi: ana neman sa ranar biki, ba a neman sa suruki. Baffa ne ya shiga tsakani. Ya ce, "Yaya, yaron nan katako yake aiki, ba tsirkiya ba. Bar shi ya ga abin da ke ciki." Baba ya yi shiru, sannan ya ce kada ya ji ƙararta lokacin karatu. Aka ba ni tsohon ɗakin ajiyar hatsi na bayan gida, ya zama wurin aikina.

Na ɗumama wuƙa a wuta ina cusa ta a hankali tsakanin bayan jitar da haƙarƙarinta har gam ya saki. Abin da na gani a ciki ya ba ni mamaki. Fuskar, wato katakon saman nan mai rami a tsakiya, kaurinta bai kai milimita 3 ba. A ƙarƙashinta an liƙa sirara-siraran katakai, manya biyu sun gitta juna, ƙanana sun bazu a gefe, duk an fere su sun yi siriri zuwa baki. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wannan ɗan katako da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana, kuma waɗannan matokaran ne ke hana shi naɗewa. In sun yi kauri murya ta mutu, in sun yi siriri fuskar ta kumbura a bayan jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuskar. Duk gwanintar sana'ar a tsakanin nan take.

Tsagar kuwa ta taso ne daga jaki ta miƙe har gindi, kuma babu alamar faɗuwa ko duka. Maigidana ne ya warware mini, ko da yake bai san jita ba, ya san katako. Ya ce, "A bakin teku aka harhaɗa ta. Ba ka ga yadda ƙofofin da muke yi da damina suke buɗe baki in hunturu ya shigo ba?" Haka ne. Katako yana shan laimar iska ya kumbura, ya sake ta ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin haka, ba a tsawonsa ba. Masu ƙera jita a Turai suna riƙe laimar ɗakin aikinsu a wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Mu nan a watan Fabrairu da Maris tana sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta ta haura 60. Fuskar da faɗinta ya kusa santimita 40 tana iya tsukewa da milimita biyu ko uku, alhali matokaran da aka liƙa mata a gicciye sun riƙe ta gam. Ba ta da inda za ta je sai ta tsage.

Daga nan na ɗauki ƙa'idar da har yau nake kai. Ba na liƙa matokara da damina ko kuɗi nawa aka ba ni. Nakan yanka, in fere, in jingine, sai Nuwamba ko Disamba in liƙa. Ba na kuma jira sai tsananin bushewar Maris, don jitar da aka rufe a lokacin in damina ta zo fuskarta takan taso, tsirkiya ta yi nisa da wuya, mai kiɗa ya riƙa kukan yatsunsa. Amma kumburi yana komawa, tsaga ba ta komawa, shi ya sa na fi karkata wajen rani.

Na ɗinke wa direba jitarsa da siririn katako a cikin tsagar da 'yan faci ta ciki, na mayar da bayan. Kafin in rufe sai da na kwafe komai a takardar buhun siminti, don zuciyata ta riga ta raya mini in yi tawa.

Katakon baya da haƙarƙari da wuya bai ba ni wuya ba. Maɗaci ɗan'uwan jan katakon nan ne da kamfanonin waje ke saye daga dazuzzukan kudu suna yin jita da shi, sai dai namu ya fi nauyi da tauri. Na samu wani tsohon allon tebur na maɗaci da ya shekara da shekaru yana shan hunturu, ya gama duk motsin da zai yi. Allon da yatsu ke dannawa na yi shi da ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita. Ta dakushe mini zarto, amma tsirkiya ba ta cin ta. Jakin ma ƙirya ne, ɗan abin da tsirkiya ke hawa a kansa kuma ƙashin ƙafar raƙumi, na dafa shi ya fitar da mai, na goge da magagari.

Fuskar ce matsala. Katakonta na ƙasashen sanyi ne, dangin itacen fir, mara nauyi amma mai ƙarfi, kuma ba ya fitowa a ƙasarmu. Wasu sun ce in yi da falanke kawai, wa zai gane? Kunne zai gane. A shekarar 1862 wani maƙerin jita ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, ya haɗa jita da baya da haƙarƙari na kwali, fuskar kaɗai ya yi da katakon kirki, don ya nuna daga ina murya take fitowa. Jitar tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barsalona. Ni dai ban san wannan labari ba a lokacin, sai dai na riga na ji bambancin da kunnena in na ƙwanƙwasa falanke na ƙwanƙwasa fuskar jitar direba.

Mafita ta zo daga masu sayar da tsofaffin akwatunan kaya a wajen kasuwar Dole, irin waɗanda ake zubo injuna a ciki daga Turai. Yawancin allunan duk ƙulli ne da ramin ƙusa. Abin da ake nema shi ne a dubi bakin allon: in layukan shekarun itacen suna tsaye cak, a jere kusa da juna, to an dace. In sun kwanta ko sun yi baka, a bar wa mai yin benci. Sai a riƙe allon da yatsa biyu kusa da kunne a ƙwanƙwasa, mai kyau yakan yi amo ya ja shi. Mai akwatunan ya gaji da ni har ya ce, "Samari, katako kake saye ko kankana?" Allo ɗaya na tsaga gida biyu, na buɗe su, na haɗa baki da baki, don ɓangarorin biyu su zama iri ɗaya. Ragewa zuwa kaurin da ake so kuwa, bayan abin fere katako, da fasasshen gilashi na kankare, na ƙarasa da samfefa.

Gam ɗin ma da kaina na dafa. Farin gam na kanti yana laushi in zafi ya tsananta, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, sai ka ga jaki yana zamewa a hankali. Na karɓo guntayen ɗanyar fata wajen majema, waɗanda aka cire wa gashi ba a kai ga jeme su ba, na wanke sosai, na ɗora a wuta marar ƙarfi ba tare da ya tafasa ba, na tace, na shanya. In za a yi aiki sai a jiƙa, a sa gwangwanin cikin ruwan zafi kamar digiri 60. Yana saurin daskarewa, don haka da sanyin safiyar hunturu ba a liƙi, sai rana ta take, a kuma ɗumama katakon tukuna. Kyansa shi ne in ya bushe ba ya motsi, in kuma gyara ya taso, ɗumi da laima suna sake shi. Warinsa dai, Inna ta ce in na ƙara taɓa mata tukunya sai na bar gidan da ni da jitar.

Lanƙwasa haƙarƙari shi ne aikin da na fi jin daɗinsa. Na fere maɗacin ya koma milimita 2, na kafa guntun bututun ƙarfe a jikin benci, na cika shi da garwashin gawayi. Ana gane zafi ya yi daidai in an yayyafa ruwa ya yi tsalle a kan ƙarfen. In wuta ta yi yawa, za ta ƙona katako. A jiƙa allon kaɗan, a ɗora, a riƙa murza shi gaba da baya ana dannawa. Da farko yakan ƙi, can sai ka ji ya saki a hannunka, a nan ne ake juya shi, ba kafin nan ba. Ƙugun jitar, inda lanƙwasar ta fi tsanani, shi ke cinye lokaci. Da na gama na sa su cikin ƙwaryar da na yanka da falanke, na ɗaure da robar tayar babur da na yayyanka, don ba ni da kuɗin maƙalan ƙarfe.

Gangar jiki ta haɗu kafin ƙarshen hunturun, wuya ma na sassaƙa shi. Saura inda za a kafa 'yan ƙarafan da ke raba muryoyi, kuma a nan ido da kwaikwayo ba su isa ba, don kuskuren rabin milimita kunne yana kama shi. Baffa ya ce in je wurin tsohon mushenmu, wato malaminmu na lissafi, a Zango, wanda ya kore ni daga ajinsa ba sau ɗaya ba. Yadda muka kwashe da shi, da yadda ya sa ni raba 650 da 17.817 a kan tabarma, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.