Alkawarin baki da gwiwar Auta

Ranar 15 ga Yunin 2022, tun bayan sallar asuba Auta ta ajiye wayarta a kan teburin kicin, ta zauna ta zuba mata ido. Ko shayin da na haɗa mata ba ta taɓa ba. A dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, sai ranar ce masu horarwa na manyan jami'o'i ke da izinin kiran yarinyar da ta gama shekara biyu cikin huɗun sakandare. Kafin magariba mutum uku suka kira.

Tun tana 'yar shekara biyar take alkafura a kan kujerun falonmu a jihar Ohayo ta Amurka, har wata maƙwabciya ta ce in kai ta gidan koyon jimnastik kafin ta karya wuya. Babanta bai so ba saboda kayan da suke sakawa. Daga baya muka daidaita a kan riga mai haɗe da wando har idon sawu, irin wadda 'yan wasan Jamus suka saka a Olamfik ɗin Tokiyo. Tana da shekara 15 ta kai mataki na 10, wanda shi ne ƙarshen tsanin kafin ajin masu neman wakiltar ƙasa. Fiye da awa ashirin take horo duk mako. Ni kuwa ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, rabin albashina na tafiya a kuɗin horo da man mota da otal. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, bashi nake bayarwa, jami'a za ta biya.

Ban taɓa zama na yi lissafin ba sai da abu ya lalace. Jami'o'in rukuni na ɗaya, wato manyan cikin rukunai uku na NCAA, masu ƙungiyar jimnastik ta mata sittin ne da 'yan kai. A lokacin kowace tana da izinin ba mutum 12 kacal cikakken tallafin karatu, kuma sha biyun nan sun haɗa 'yan aji ɗaya zuwa aji huɗu. Ke nan gurbi uku ne ke buɗewa a shekara, in ma makarantar na da kuɗin cika su. Duk ƙasar bai kai ɗari biyu ba. A wannan layin ne kuma irin su Sunisa Lee ke tsayawa, wadda ta ci zinare a Tokiyo sannan ta wuce jami'ar Oban.

Abu na biyu da na gane a makare: koci ba gwanar gwanaye yake nema ba, giɓin da ke ƙungiyarsa yake son cikewa. A gasar jami'a mutum shida ke hawa kowane fanni, a ƙirga makin biyar. Auta a kan gungumen katako ta fi ƙarfi, wanda faɗinsa santimita 10 ne, bai kai tafin hannun babanta ba. Wadda ta fi nacewa a kanta koci ce da 'yan katakonta biyu ke shirin kammala karatu.

Muka kai ziyara a watan Oktoba. Aka nuna mana ɗakin kwana da wurin horo, aka kai mu cin abinci. Kocin ta dafa kafaɗar Auta ta ce ta zama tasu, da cikakken tallafi. Tun a mota na kira yayata a Kano, ta yi waina aka raba sadaka.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Sauran makarantu biyun suna ta aiko da saƙo, Auta ta ce, "Umma, in ci gaba da amsa musu?" Na ce a'a, mun riga mun ba da magana, ba a neman aure a kan nema. Na ɗauki abin kamar an kawo kuɗin gaisuwa. Ashe a tsarinsu alkawarin baki bai ɗaure kowa ba. Sai watan Nuwamba na shekarar ƙarshe ake sa hannu a takarda, kafin nan kowa na iya janyewa.

A Fabrairun 2023 ta diro daga tsallen teburi, ƙafar hagu ta murɗe. Ina zaune can sama, amma na ga yadda ta riƙe gwiwar ba ta yi kuka ba, na san babba ce. Jijiya ta tsinke, aka yi mata aiki. Kocin ta aiko da katin gaisuwa, kira ya koma saƙo, saƙon ma ya ja baya. A watan Yuli ta ce sun ba wata gurbin. Da muka waiwayi waɗancan biyun, sun cike nasu tuni.

Taurin kan babanta ne ya fitar da mu. NCAA na neman darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga mai shiga rukuni na ɗaya, shi kuwa ya ce ranar da ta sauko ƙasa da 3.5, horo ya ƙare. Mun sha faɗa da shi a kan haka, ina ganin ya matsa wa yarinyar da ke dawowa ƙarfe tara na dare hannuwa duk sun yi kanta. Makarantun rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasa ko sisi, amma suna ba da na ƙwazon karatu da na ƙaramin ƙarfi. Wata ƙaramar kwaleji ta ɗauke mata fiye da rabin kuɗin saboda sakamakonta, kocinsu kuma ya ce in gwiwar ta warke akwai wuri a katako. Tallafin nan ko ta daina wasa gobe yana nan.

Dokar ta canza bayan mu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da NCAA ta yi da 'yan wasan da suka kai ta ƙara, wanda ya cire iyakar 12 ga jami'o'in da suka shiga tsarin, aka ƙayyade 'yan ƙungiya 20. Izini ne aka ba su, ba a tilasta musu biya wa ashirin ɗin ba. Shi ya sa duk uwar da ta tare ni a bakin wurin horo nake ce mata ta tambayi koci gaba da gaba: tallafin na shekara nawa ne, me zai faru in yarinya ta ji ciwo kafin sa hannu da bayansa, kuma kada ta daina amsa kiran kowa sai ta ga takarda.

A Janairun 2025 muka yi tafiyar awa bakwai a cikin dusar ƙanƙara don gasarta ta farko. 'Yan kallo ba su kai ɗari uku ba. Ta hau katakon, gwiwa naɗe da bandeji, ta yi alkafura biyu a jere ba ta girgiza ba, alƙalai suka ɗaga maki 9.6 cikin 10. Da aka tashi ta fito da ledar ƙanƙara ɗaure a ƙafa, ta ce, "Umma, kin kawo dambun naman?" Yana cikin jakata.